Tsakanin Lafazi da Ma'ana: Yadda Ake Fama da Fassarar Littafi Mai Tsarki Cikin Turanci

Duk wanda ya taɓa shiga kantin littattafan Kirista a Jos, ko Kaduna, ko Sabon Garin Kano, ya ce a ba shi Littafi Mai Tsarki na Turanci, ya san ba a miƙo masa nan take, sai mai kanti ya fara tambayarsa, "Wanne daga ciki, malam?" Sa'an nan ya nuna masa kanta guda maƙare da littattafai, wannan an rubuta KJV a gadon bayansa, wancan NIV, na kusa da shi ESV, ga Good News, ga NLT, kowanne kuwa sunan da ke bangonsa ɗaya ne da na ɗan'uwansa. Baƙon al'amarin yakan tsaya yana mamaki, watakila ma zato ya shige shi cewa mutanen nan littattafai dabam-dabam gare su, alhali mafi yawan abin da ya raba waɗannan juzu'ai wata tsohuwar mas'ala ce wadda ta dami masu tarjama tun kafin a san Turanci a duniya, wato ko mai fassara zai bi lafazi sau da ƙafa, ko da mai karatu zai sha wuya, ko kuwa zai ɗauko ma'ana ya zuba ta cikin maganar da mutane suka saba ji.

Kafin a shiga mas'alar, ya kamata mai karatu ya san cewa babu ko aya ɗaya ta wannan littafi da aka fara rubutawa da Turanci. Tsohon Alkawari, wanda ya ƙunshi Attaura da Zabura da littattafan annabawa, da Ibrananci aka rubuta shi, ban da 'yan surori na Daniyel da Ezra da suka zo da Aramiyanci, shi kuwa Sabon Alkawari da Helenanci ya zo, irin wanda fatake da sojoji da talakawa ke yi a kasuwannin daular Rum. A nan kuma akwai bambanci da abin da Musulmi suka saba. A wurin Musulmi Alƙur'ani shi ne na Larabci, da shi ake salla, shi ake haddacewa, abin da aka juya zuwa wani harshe kuwa bayanin ma'ana ne, shi ya sa marigayi Shehu Abubakar Mahmud Gumi ya kira aikinsa tarjamar ma'anoni. Amma a wurin mafi yawan Kirista fassarar nan ita ake karantawa a majami'a ranar Lahadi, ita yara ke haddacewa, a kanta ake wa'azi, ita ake dafawa a yi rantsuwa a kotu, saboda haka nauyin da ke wuyan mai fassara ya ninka, domin kalmar da ya zaɓa a ɗakin karatunsa ita mutum miliyan za su riƙe a matsayin nassi.

Jayayyar ta daɗe. Jerom, malamin da ya zauna a Baitalami ya juya littafin zuwa Latin, fassarar da Turai ta dogara da ita kusan shekara dubu, ya rubuta wa wani abokinsa a shekarar 395 cewa shi ma'ana yake bi idan yana fassara, sai fa a littattafai masu tsarki, inda yake ganin ko jerin kalmomi ma akwai asiri a cikinsa. Malaman Larabawa ma sun san zancen: Safadi, a ƙarni na 14, ya ba da labarin hanyoyi biyu na masu tarjamar zamanin Abbasiyawa, ta Ibnul Biɗriƙ mai ajiye kalmar Larabci a gurbin kowace kalmar Helenanci, da ta Hunainu ɗan Ishaƙu mai karanta jimla duka har ta zauna masa a zuci sa'an nan ya faɗe ta da Larabci mai kyau, ya kuma fifita ta biyun. Ma'abota hadisi sun yi saɓani kan riwaya da lafazi da riwaya da ma'ana, Ibnu Sirina ya tsananta, Hasanul Basari ya sassauta ga wanda ya san harshe. Wanda kuma ya zauna a zaure gaban malami yana biya Ishmawi ko Risala ya ji hanyar farko da kunnensa, malam na jan kalma yana fassara ta da wata irin Hausa wadda ba a yin ta a kasuwa, mai biye da ƙirar Larabci, domin almajiri ya ga inda kowace kalma ta faɗa.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, fassarar da a yau ake ɗauka ta dattawa masu tsauri, da neman sauƙi ta fara. William Tyndale, wanda ya fara juya Sabon Alkawari daga Helenanci kai tsaye zuwa Turanci aka buga shi a Jamus a 1526, burinsa shi ne yaron da ke bin garma a gona ya iya karantawa ya gane, kuma a kan wannan aiki da aƙidar da ke tare da shi aka shaƙe shi aka ƙone gawarsa kusa da Brussels a 1536. Da Sarki James na Ingila ya ba da umurni a 1604 a yi sabuwar fassara, malamai wajen 47 suka rabu ƙungiya shida a Westminster da Oxford da Cambridge, suka fito da aikinsu a 1611, wato King James ko KJV, kaso mai yawa na Sabon Alkawarinsu maganar Tyndale ce suka gyara. Sun rubuta doguwar muƙaddima inda suka kare kansu kan abu biyu, cewa ba su ɗaure wa kansu fassara kalma ɗaya ta asali da kalma ɗaya ta Turanci a ko'ina ba, kuma sun sa wata ma'ana a gefen shafi duk inda suka ga nassi na iya ɗaukar fuska biyu. Abin takaici, yawancin bugun da ake sayarwa yanzu sun zubar da muƙaddimar da hashiyar duka, mai karatu ya zaci malaman nan ba su taɓa yin shakka a kan ko kalma ɗaya ba.

Harshe kuwa ba ya tsayawa jiran littafi. Cikin shekara ɗari uku Turanci ya sauya har wasu kalmomi suka juya wa ma'anarsu baya: kalmar prevent, wadda a zamanin Sarki James take nufin riga wani isa wuri, yau hanawa take nufi, kalmar let kuwa, da a wasu ayoyi take nufin hanawa, yau ƙyalewa ce. Fassarar da ta yi daidai a 1611 sai ta zama tana ɓatar da mai karatu ba tare da an taɓa ko harafi ɗaya a cikinta ba. Wannan, tare da tsofaffin rubuce-rubucen hannu da aka gano, shi ya kawo gyaran Ingila na 1881 da 1885, da na Amurka na 1901, da kuma Revised Standard Version wadda ta kammala a 1952. Ita wannan ta ƙarshe ta tayar da ƙura a kan kalma guda. A Ishaya sura 7 aya 14 akwai kalmar Ibrananci, alma, wadda ke nufin yarinyar da ta isa aure. Yahudawan Iskandariyya da suka juya littafin zuwa Helenanci tun kafin haihuwar Almasihu sun sa kalmar da galibi ke nufin wadda ba ta san namiji ba, Linjilar Matiyu kuma ta bi su. Masu fassarar 1952 suka sa matashiyar mace a cikin matani, suka mayar da ɗaya ma'anar ƙasan shafi, sai wasu suka ce an taɓa aƙidar haihuwar Almasihu ba uba, har wani fasto a jihar North Carolina ya yage shafin ya ƙone shi a gaban jama'a. Bahaushe da ya ji wannan zai lura cewa kalmarmu ta budurwa ta rungume ma'anonin biyu a wuri ɗaya, Bature kuwa tilas ya zaɓi ɗaya.

Mutumin da ya ba wa ɓangaren sauƙi hujja ta ilmi shi ne Eugene Nida, masanin harsuna na Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Amurka, wanda ya yi shekaru yana yawo ƙasashe yana zama da masu fassara cikin harsuna masu yawa. A littafinsa na 1964 ya kafa ƙa'ida cewa fassara ta gari ita ce wadda mai karanta ta a yau zai fahimci abin da mai sauraron farko ya fahimta, saƙon ya taɓa shi kamar yadda ya taɓa wancan, ko da an rushe ginin jimlar an sāke shi. A kan wannan ƙa'ida Robert Bratcher ya fassara Sabon Alkawarin da aka buga a 1966, wanda ya zama Good News Bible a 1976, an kuwa yi shi ne da tunanin mutanen da Turanci ba harshen uwarsu ba ne, irinmu na Afirka da na Asiya, shi ya sa ya sami karɓuwa a makarantunmu. Kenneth Taylor ya wuce nan. Shi uba ne mai 'ya'ya goma, ya ga ba su gane abin da yake karanta musu da dare, sai ya riƙa sāke faɗin ayoyin da kalmominsa a cikin jirgin ƙasa kan hanyarsa ta zuwa aiki a Chicago, daga fassarar 1901 yake ɗauka, bai koma Ibrananci ko Helenanci ba. Aikin ya fito a 1971 da sunan Living Bible, aka saye shi miliyoyi, shi kuma bai ɓoye cewa sāke faɗi ne ba. Daga baya, a 1996, wata ƙungiyar malamai ta koma harsunan asali ta fitar da New Living Translation.

To, wa ya fi gaskiya? Masu talla sukan zana layi, su sa inganci a wannan gefe, sauƙin karatu a wancan, kamar duk abin da aka ƙara wa ɗaya an rage wa ɗayan ke nan. Ni ban yarda da wannan zane ba, dalilina kuwa yana cikin harshenmu. A ce wani ya tashi juya Hausa zuwa Turanci, ya iske an ce wance tana farin ciki, ya rubuta cewa tumbinta fari ne: ya bi lafazi bai bar ko ɗaya ba, ya kuma yi wa ma'ana ƙarya. Haka Ibrananci yake cike da irin wannan. A Fitowa sura 34, inda ake siffanta Ubangiji da jinkirin fushi, lafazin asali dogon hanci yake cewa, domin su a hanci suke ganin fushi, Bahaushe kuwa in ya ji dogon hanci kyan fuska zai tuna. Ko fassarorin da suka fi kowa da'awar bin kalma ba su bar wannan yadda yake ba. A Amos sura 4 aya 6 an yi wa mutane magana da tsabtar haƙora, abin nufi kuwa yunwa ce, haƙoran da ba su tauna kome ba. King James da ESV sun bar haƙoran, NIV ta sa cikin da babu abinci. Yaron da ya karanta ta farko ba tare da malami ba zai iya ɗaukar azaba a matsayin ni'ima. Ga kuma farkon wasiƙar manzo Bulus zuwa ga Afisawa, inda aya 3 zuwa 14 jimla ɗaya ce mai kalma wajen 200 a Helenanci: kusan kowa yanka ta yake yi gunduwa-gunduwa, bambancin kawai wani ya yanka kaɗan, wani da yawa. Ashe ke nan babu mai bin lafazi tsantsa, kowa ijtihadi yake yi.

Amma sauƙi ma yana da kuɗinsa, kuma a nan ne nake ganin ya kamata mai karatu ya buɗe ido sosai, domin wannan hasarar ba ta da ƙara. Ɗaliban nahawu sun san cewa idan aka jingina masdari ga suna, sunan na iya zama mai aikatawa, yana kuma iya zama wanda aka aikata wa. In na ce son Audu ya hana ni barci, ko ni ke son Audu, ko Audu ke sona. Helenanci ma haka yake. A wasiƙa ta biyu zuwa ga Korintiyawa sura 5 aya 14, Bulus ya ambaci ƙaunar Almasihu a matsayin abin da ke tura shi: ESV ta bar ibarar da fuskokinta biyu, NIV ta yanke cewa ƙaunar da Almasihu ke yi ce. Wataƙila ta yi daidai, malamai da yawa haka suka rinjayar, amma mai karatu bai san an yi masa zaɓi ba. Mafi girma daga wannan ita ce ibarar da ke Galatiyawa sura 2 da Romawa sura 3, wadda za a iya karanta ta a matsayin bangaskiyar da mutum ya ba Almasihu, ko kuwa amincin da shi Almasihu ya nuna, malamai kuma har gobe suna rubuta littattafai a kanta. Mai fassarar da ya ƙudurta cewa kowace jimla sai ta fito sarai dole ya rufe ƙofa ɗaya, ya zama mai tafsiri alhali an ɗauke shi tafinta.

Akwai kuma zaren da kan tsinke. Bulus yana da kalma guda, sarks, asalinta nama ko tsoka, yana juya ta wani lokaci ga jiki, wani lokaci ga dangantakar jini, wani lokaci ga raunin ɗan Adam da karkatarsa ga saɓo. NIV, a bugunta na 1984, ta fassara ta a wurare da yawa da halin zunubi, domin a gane, amma a gyaran 2011 kwamitin ya koma ga bin lafazin kalmar a mafi yawansu, saboda an ga bayanin ya ɗora wa nassi wata aƙida, ya kuma ɓoye wa mai nazari cewa kalma ɗaya ce ke ta dawowa. Good News ma ta sha suka da ta sa mutuwa a wasu wuraren da asali ya ce jini, domin wanda ya karanta dokokin hadaya na Attaura yana jin amsa-kuwwarsu a kalmar jini, a kalmar mutuwa kuwa ba ya ji. Sa'an nan ga wata tambaya da ƙa'idar Nida ba ta amsa ta sosai ba: wa ya ce masu sauraron farko sun gane kome cikin sauƙi? Wasiƙar manzo Bitrus ta biyu da kanta ta shaida cewa a rubutun Bulus akwai abubuwa masu wuyar fahimta. In nassi ya yi wa mutanen zamaninsa tsauri, wanda ya mayar da shi ruwan sha ya ba mu wani abu da su ba su samu ba.

Wasu matsalolin ma na Turanci ne shi kaɗai, Hausa ta kuɓuta daga gare su. Turancin yau kalma ɗaya gare shi ta kai da ke da ku, alhali Helenanci ya raba tilo da jam'i, Ibrananci ya ƙara da raba namiji da mace. A Luka sura 22, Almasihu ya gaya wa Bitrus cewa Shaiɗan ya nemi ya sheƙe almajiran duka, amma addu'ar da ya ambata Bitrus shi kaɗai ya yi wa. King James ta nuna wannan da tsofaffin lamiranta, fassarorin zamani kuwa sai sun ƙara kalma ko sun sa hashiya. Haka kalmar da manzanni ke kiran jama'ar masu bi da ita, wadda siffarta ta maza ce amma ta haɗa da mata: a kan ko za a ƙara ambaton mata a Turanci aka yi rigima mai zafi a Amurka lokacin da TNIV, wani gyaran NIV, ta fito, Sabon Alkawarinta a 2002, cikakkiyarta a 2005, har babban taron Baptis na kudancin ƙasar ya fito ya ƙi ta. Mu kuwa da mun ce 'yan'uwa magana ta ƙare.

Yawancin fassarorin da ke hannun mutane a yau a tsakiya suke, kowace ta ɗan karkata. NASB ta 1971 da ESV ta 2001 sun fi kusa da lafazi, NIV, wadda malamai fiye da 100 suka yi ta kammala a 1978, ta tsaya tsaka-tsaki, NLT da Good News sun karkata ga ma'ana, The Message ta Eugene Peterson, da ta kammala a 2002, ta yi nisa har ta fi kama da wa'azi. A watan Agusta na 2016 masu buga ESV suka sanar cewa sun kulle mataninsu ba za a ƙara taɓa shi ba har abada, kafin ƙarshen Satumba suka janye, suka amsa cewa kuskure ne. Abin da na fi girmamawa a cikinsu duka shi ne tsarin NET Bible, wadda ta zo da hashiya fiye da 60,000, inda masu fassara ke faɗin abin da lafazi ya ce, da abin da suka zaɓa, da dalilinsu. A ganina nan amana take. Mai fassara ba shi da makawa sai ya zaɓa, amma yana da ikon ya nuna wurin da ya yi zaɓin, kamar yadda malamanmu na fiƙihu kan kawo ƙauli biyu kafin su ce ga mashhuri.

Wani abu guda kuma ya wajaba a rarrabe shi, domin ana yawan cakuɗa shi da wannan a wuraren muhawara a ƙasarmu. In mutum ya buɗe Ayyukan Manzanni sura 8 a NIV ya ga an tsallake aya 37 an kai ta ƙasan shafi, ba salon fassara ya jawo haka ba, asalin da aka fassara ne ya bambanta. Masu King James sun dogara da matanin Helenanci da ya samo tushe daga bugun wani malami, Erasmus, na 1516, wanda ya tattara daga rubuce-rubucen hannu da ba su kai goma ba, na baya-bayan nan kuma. Yau akwai fiye da 5,000, cikinsu har da na ƙarni na 4, kamar wanda wani malami, Tischendorf, ya gano a gidan ruhubanawa na Dutsen Sina'i a 1844 da 1859, ga kuma naɗaɗɗun littattafan Ibrananci da aka fara samu a kogunan bakin Tekun Gishiri a 1947. Shi ya sa ƙarshen Linjilar Markus da ƙissar matar da aka kama da zina a Linjilar Yahaya suke zuwa da alama a bugun zamani. Wannan fanni ne mai zaman kansa, ya fi kama da aikin masu tantance riwayoyi, kuma malaman Kirista da kansu suka rubuta shi a ƙasan shafi don kowa ya gani.

Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya yi wa jagora, aka sāke fassara shi da Hausa mai sauƙi bayan kusan shekara hamsin, har yau kuma akan sami dattawan da kunnensu ya fi sabawa da tsohon. Saboda haka Bahaushe Kirista yana da gatan da Bature ba shi da shi, domin yana iya ajiye Hausa kusa da Turanci ya ga kai da ku inda Turanci ya haɗe su. Shawarata gare shi, in zai yi nazari ko zai hau mumbari, ya riƙe fassara biyu, ɗaya mai bin lafazi, ɗaya mai bin ma'ana, duk inda suka rabu ya tsaya a nan ya duba hashiya, kada kuma ya kafa hujjar aƙida da Living Bible ko The Message, tun da ba don haka aka yi su ba. Shi kuma wanda ba Kirista ba, in zai ɗauko aya ya kafa hujja da ita a gaban jama'a, adalci shi ne ya faɗi sunan fassarar da ya ɗauko, ya kuma karanta abin da ke ƙasan shafin. In kuwa ka koma kantin nan aka sāke tambayarka wanne daga ciki, ka roƙi mai kanti ya ba ka minti biyar, ka buɗe muƙaddimar ka karanta kafin ka biya kuɗi, domin a nan masu fassara suka rubuta hanyar da suka bi.